Wanda Zai Riƙe Ƙafar Inna

A layinsu kowa Tartsatsi yake ce masa, don tun gemu bai fito masa ba yake walda, kuma duk rigar da ya mallaka a duniya sai an ga ƙananan huji a gabanta kamar ɓera ya ɗanɗana ya bari. Uwarsa ce kaɗai ke ce masa Babba. Shi ta fara haifa, sai mata suka biyo baya, yanzu duk sun yi aure sun watse, sai can da kowa ya ɗauka ta rufe, ta haifo Auta.

Mutum ne mai hannu, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Ƙofar gidan mai kemis shi ya yi ta, da ta makarantar bakin titi, da tagogin rabin layin. In ya haɗa ƙarfe biyu sai dai tsatsa ta raba su, ita ma sai ta ji jiki. Ba ya shaye-shaye, ba ya caca, ba ya cin rodin mutane ya dawo ya ce bai isa ba. Ciwonsa guda ne, kuma ba a sayar da maganinsa a kemis: ba ya iya jin an yabi ƙanensa. Da zarar an ce Auta ya yi kaza, sai ka ga jijiyar wuyansa ta miƙe kamar an ja waya.

Ubansu ya rasu Auta yana rarrafe. Babba ya ajiye littafi ya ɗauki guduma, ba wanda ya tilasta masa, shi ya ce zai yi, kuma ya yi. Da wutar waldarsa aka ci abinci a gidan, da ita Auta ya yi karatu har ya samu aiki a wani gari mai nisa, irin ofishin da ake zama a kujera mai juyawa ana shan iska mai sanyi. Abin haushin, Auta ba mugu ba ne. Da yana da girman kai, ko da ya manta gida, da Tartsatsi ya samu abin kamawa ya huta. Amma yaron ga ladabi, ga kiran waya, “Yaya” a bakinsa kamar zuma. Mutum ya rasa ta inda zai ƙi shi, sai ya ƙara jin zafinsa.

Maƙwabtan shagonsa sun san lagonsa. In rana ta yi zafi hira ta ƙare, sai mai faci ya ɗaga murya ya ce wa mai gyaran rediyo, “Ka ji an ce Auta ya sauya mota?” Ba wata mota, ƙarya ce tsagwaronta. Su dai so suke su ji gudumar ta canza sauti, kuma takan canza.

Inna tana zaune a gidan Babba, ɗakinta na kallon tsakar gida. Duk ƙarfen da ke ɗakin nan aikinsa ne: gadon, da kujerar bakin ƙofa mai hannu biyu, da ƙarfen da take dafawa a banɗaki, da sandarta da ya lanƙwasa wa kai daidai tafin hannunta. Auta kuwa ya aiko mata da bargo. Bargo ɗaya, shuɗi, mai gashi-gashi. Duk maƙwabciyar da ta shigo gaisuwa sai an miƙa mata gefensa.

“Taɓa ki ji. Auta ne ya aiko min.”

Rannan Babba yana tsugune yana ɗaure mata ƙafar kujera, ya kasa haƙuri. “Inna, gadon da aka shimfiɗa bargon a kansa fa?”

“Me ya samu gadon?”

“Ba abin da ya same shi. Na ce wa ya yi shi.”

“To ai sana'arka ce,” in ji ta, ta ci gaba da shafa bargonta.

Matarsa na wanke kwanuka tana jin su, ta yi dariya har kumfa ya shiga mata hanci. Da ya fito ta ce, “Maigida, furfura a gemu, kana kishi da yaron da ka ɗauka a wuya.”

“Wa ke kishi? Gaskiya nake faɗa.”

“Ita ce gaskiyar ta kore ka waje jiya da ya kira waya?”

Ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya fice, ya bugo ƙofa da ƙarfi. Ƙofar ko girgiza ba ta yi ba, shi ya yi ta.

Wata safiya ya kai wa Inna shayi kafin ya fita, kamar yadda ya saba. Ta miƙo hannun dama ta karɓa, kofin ya zame ya tarwatse a ƙasa. Ya buɗe baki zai ce Inna ki riƙa lura, sai ya ga fuskar. Gefen bakin ya zube, yawu na bin haɓa, idanun na kallonsa cikin tsoro. Ta yi magana, abin da ya fito ba magana ba ne. Bai tsaya neman takalmi ba. Ya sungume ta kamar buhun auduga ya fita titi yana ihu, mai motar haya na farko da ya gifta ya taka birki, ko don tausayi ko don tsoron a fasa masa gilashi.

A asibiti aka karɓe ta, aka yi gwaje-gwaje, aka ɗauki hoton kai na gaggawa. Tartsatsi na tsaye a baranda ƙafa a ƙasa, matarsa ta iso da takalmansa a leda.

“Ka kira Auta?”

“Me zai yi? Likita ne shi?”

“Uwarsa ce.”

“Bari a ga abin da ake ciki tukuna. Kada a tayar masa da hankali a banza.”

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ciro wayarta ta kira a gabansa.

Likitan wani siriri ne mai tabarau, yana magana yana murza biro. Ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma iri biyu ce. Wani lokaci jijiya ce ke fashewa a ƙwaƙwalwa jini ya zuba, wani lokaci kuma gudan jini ne ke toshe ta, sashen da take shayarwa ya yi yunwa. Maganin wannan guba ne ga wancan. Hoton farko bai nuna zubar jini mai yawa ba, amma bai nuna inda ɓarnar take ba, kuma akwai wani ɗan wuri da ya ƙi fitowa sarai. Saboda haka za a sa ta a babban injin, wanda suke kira MRI, shi ne ke ganin ƙwaƙwalwa filla-filla.

“Wato bututu ne,” in ji Tartsatsi, “ko ya fashe ko ya toshe. A yi.”

Kashegari da hantsi Auta ya iso, jaka a kafaɗa, ƙamshin turare na binsa, ido ya yi ja don kuka. Ya durƙusa gaban gado ya kama hannun uwar. Ita kuwa, wadda tun jiya Babba ke goge mata baki yana juya ta ba ta iya haɗa kalma ko ɗaya ba, ta tattara duk ƙarfin da ya rage mata ta ce, “Auta.” Sarai, ba gargada. Ma'aikatan jinya suka yi murna, suka ce alama ce mai kyau. Tartsatsi ma ya ce alhamdulillahi, da irin muryar da ake karɓar gaisuwar mutuwa.

Ɗakin injin yana can ƙarshen wani dogon lungu a ƙasan bene, da ƙofa mai kauri da zanen gargaɗi ja da rawaya. Tartsatsi ya ƙwanƙwasa ƙofar da yatsa don ya ji irin aikin, ya taɓe baki. Mai kula da injin wata mace ce gajera, kakkaura, ba ɗankunne ba zobe, da muryar wadda ba ta son maimaita magana. Ta cire wa Inna 'yan kunne, ta laluba gashinta ko akwai fil, ta sa aka mayar da ita kan wani gadon turawa na musamman, suka shige.

Ta gilashin da ke bango ana hango komai. Injin fari ne, ƙato, da rami a tsakiya kamar bakin rijiya a kwance. Aka toshe wa tsohuwa kunne, aka kifa mata wani abu kamar kwando a fuska, gadon ya fara zamewa ciki. Da injin ya soma bugu, gaf-gaf-gaf, kamar an tara maƙeran gari a ɗaki ɗaya, sai Inna ta birkice. Ƙafar hagu na harbi, hannun hagu na dukan bangon ramin. Aka tsayar, aka fito da ita tana haki, hawaye na gangarawa cikin kunne.

Mai injin ta cire mata abin kunnen, ta turo ta bakin ƙofa. “Hoton ya lalace. In ta motsa ko kaɗan ba a ganin komai, kuma ba na son a yi mata allurar barci a halin da take ciki. Ɗayanku zai shigo ya tsaya a ƙarshen gadon ya riƙe mata ƙafa, ta san ba ita kaɗai ba ce. Mutum ɗaya.”

Suka miƙe tare. Tartsatsi ya sa kafaɗa, irin kafaɗar da ke ɗaukar ƙofar ƙarfe, Auta ya tsinci kansa a jikin bango.

“Ni ne babba.”

“Ba wanda ya ce ba kai ba ne, Yaya.”

“To, babba,” in ji matar, “zazzage aljihu.”

Ya zazzage a tire: makullai, ƙusoshi, guntun waya, tef na awo, da wani noti da ya daɗe yana nema. Ya cire bel, ya cire agogo. Ta ce wandon ma akwai zif, za ta ba shi na asibiti. Ya ce ko zani ne a ba shi.

Sai ta shiga tambaya. An taɓa yi maka tiyata? A'a. Akwai ƙarfe a ƙashi, ko na'ura a zuciya? Babu. Harsashi fa? Allah ya kiyaye.

“Mece ce sana'arka?”

Ya ji tambayar ta zo da wani abu a bayanta. Ya ce, “Ɗan kasuwa.”

Ta kalli tiren, ta kalli hannayensa da tabon ƙuna kamar an watsa musu barkono, ta kalli gaban rigar.

“Kasuwar me?”

“Ƙofofi.”

“Kai kake yin su?”

“Nakan ɗan taɓa.”

“Malam, ka saurare ni da kyau. Injin nan mayen ƙarfe ne, kuma ba a kashe shi, ko yanzu da ya yi shiru a kunne yake. Almakashi in ya shiga ɗakin nan tashi sama yake yi. Masu walda da masu goge ƙarfe, ɗan ɓarɓashi kan shige musu ido ya kwanta shekaru ba su sani ba. In ka shiga da shi, injin zai ja shi ya yanka idon daga ciki. Ƙarfe ya taɓa shiga idonka?”

Ya taɓa mana. Yana saurayi, yana goge bakin wani rodi ba tabarau, don a shagon da ya koyi aiki sa tabarau wajen guga halin sabon shiga ne, gwani ƙanƙance ido kawai yake yi. Abu ya faɗa masa a idon hagu kamar an soka allura mai zafi. Maigidansa ya kwantar da shi a benci, ya buɗe idon, ya lakato abin da ya lakato da tsinken ashana, ya ce ya fita, tashi ka ci gaba. Idon ya daɗe a kumbure. Ko duka ya fita ko rabi, ba wanda ya duba. Duk wannan ya gifta masa a ka. Ya waiga ya ga Auta har ya fara kwance agogonsa.

“Bai taɓa ba,” ya ce.

Mutumin da ba ya cin rodin mutane, ga shi zai ba da idonsa don ya riƙe ƙafa.

Matar ta ɗaga kafaɗa, ta juya za ta ɗauko masa wando. Sai aka ji bugu daga gadon. Inna ce ke dukan gefensa da hannun hagu. Ta ɗaga yatsa, ta nuna Babba, ta kai yatsan ƙarƙashin idonta na hagu ta danna. Bakin ya yi ta kokawa har ya fitar da kalma ta biyu tun da ta kwanta.

“Ido.”

“Inna, ki kwanta, ba kya jin daɗi.”

“Ido!” ta sake cewa, ta kaɗa masa hannu irin na korar kaza.

Mai injin ta ajiye wandon. “Ashe haka ne. Malam, kwashe ƙusoshinka. Ba ka shiga ɗakin nan sai an ɗauki hoton idonka an tabbatar babu komai, kuma ba zan ajiye tsohuwa a lungu tana jiran wannan ba. Kai, ɗan'uwa, zo.”

Duk wanda ke wurin ya gane abin da ya faru. Tsohuwa da rabin jiki a mace, harshe a ɗaure, ta tuna wane ido ne, ta hana ɗanta makancewa. Matarsa har ta share hawaye da gefen mayafi. Tartsatsi kaɗai ya gane wani abu dabam. Ya sunkuya ya raɗa wa matarsa, “Kin gani ko? Magana ta gagare ta, amma ta samu bakin kore ni.”

“Kai dai Allah ya shirye ka.”

Ya tsaya a bayan gilashi, hannu ɗaya riƙe da wando don bel ɗin na tire. Auta cikin rigar asibiti ya tsaya a ƙarshen gado, ya kama ƙafar hagu da hannu biyu yana shafa idon sawun. Injin ya soma bugunsa. Tartsatsi ya zuba wa ƙafar nan ido. Allah ya yafe masa, so yake ta motsa. So yake ta yi harbi ko ɗaya, a tsayar, a ce wannan yaron bai iya ba. Uwarsa ce a ciki, ya san in hoton bai fito ba likita ba zai san maganin da zai bayar ba, ya san duka, amma can ƙasan zuciya wani abu na cewa motsa, Inna, motsa. Ba ta motsa ba. Ta kwanta lamo kamar jaririn da ya ƙoshi, har aka gama.

Da yamma likita ya kira su ya nuna musu a allon kwamfuta. Kan Inna ne an yanka shi faifai-faifai ba wuƙa, toka-toka, da lanƙwashe-lanƙwashe kamar hanji. A ɓangaren hagu ga wani wuri ya yi fari tas, bai fi ƙwayar wake ba. Ya ce nan ne jijiyar ta toshe, ba fashewa ta yi ba, babu jini a zube, wurin da ya ba shi shakka kuma tsohon tabo ne. Za a fara maganin da ke hana jini yin guda, a riƙe hawan jininta, a yi ta motsa mata jiki. Auta na ta jero tambayoyi. Tartsatsi ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa allon. Ba farin wurin yake kallo ba. Dubawa yake ko injin da ke ganin komai zai nuna ɗakin da aka ajiye Auta da lungun da aka jefa shi.

Auta ya yi 'yan kwanaki ya koma, aiki ba ya jira. 'Yan'uwa mata suka zo suka yi kuka suka koma gidajensu. Saura kuwa sai Babba. Shi ke ɗaga ta, shi ke zaunar da ita, shi ke murza mata yatsun dama ɗaya bayan ɗaya kafin ya buɗe shago. Ya kafa mata dogon ƙarfe daga ƙofar ɗaki har banɗaki, ta riƙa bi tana jan ƙafa. A hankali ƙafar ta dawo, hannun ya dawo rabi, harshe kuwa ya dawo har da riba. Kuma da me ya dawo? Mata na cika ɗaki dubiya, tana ba su labari.

“Rami ne, 'yar nan, kamar kabari, ga ƙara kamar duniya za ta tashi. Na ce shi ke nan, tawa ta ƙare. Sai na ji hannu a ƙafata. Auta ne. Wallahi ba don yaron nan ba da ban fito ba.”

“Allah ya yi masa albarka,” in ji matan.

Babba na tsakar gida yana wanke mata zanin gado, yana jin komai. Bargo ya huta, yanzu ƙafa ake yayi.

Da suka koma ganin likita, ya ce tunda tana ƙorafin jiri da ciwon kai, yana so a sake hoton a ga ko wani sabon wuri ya taɓu. Matar Tartsatsi ta yi salati. Inna ta ce ita ba ta komawa ramin nan. Tartsatsi ya sunkuyar da kai don kada a ga fuskarsa, saboda fuskar ta yi haske kamar an ba shi kwangilar ƙofofin gari duka.

Kashegari ya rufe shago, ya ce zai je sayen rodi, ya nufi asibiti shi kaɗai. Mutumin da ko zazzaɓi ya kayar da shi ba ya shan ƙwaya, ya bi layi tun safe har rana ta take, ya sa haɓa inda aka ce ya sa, ya kalli sama, ya kalli ƙasa, aka ɗauki hoton ramin idanunsa. Likitan ido ya haska masa fitila ya duba, ya ce akwai ɗan tabo a hagu, tsoho, amma ƙarfe babu ko ɓurɓushi. Tsinken ashana ya yi aikinsa.

Wani da murna zai fito. Shi ya shigo gida yana huci.

“Kin ji ko? Babu komai a idon! Ashe a banza aka hana ni. A banza aka ba shi.”

“Da akwai fa?” in ji matarsa.

“Ai babu.”

“Ranar ka san babu?”

“Ke dai kai wa tela yadi ya ɗinka min wando mai zariya. Ba zif, ba maɓallin ƙarfe. Da riga.”

Ta kai, tana dariya tun daga gida har shagon telan.

Auta ya kira yana tambayar ranar da aka sa, zai nemi hutu. “Haba, ƙaramin abu ne,” in ji Babba, murya a sanyaye kamar ba shi ba. “Kada ka ɓata da shugabanninka. Muna nan.”

“To Yaya, Allah ya saka da alheri.”

Ya ajiye wayar ya ja tsaki. Ko gardama yaron ba zai yi ba, bare mutum ya ji ya kayar da wani.

Ranar ya yi wanka ya goge jiki kamar zai saɓule fata, ya yanke farce, ya wanke kai sosai kada wani ɓarɓashi ya maƙale a gashi. Ya fito cikin sabon wando da riga farare, aljihu wayam, yana sheƙi kamar ango. Mai injin na ganinsa ta gane shi.

“A'a, ɗan kasuwa! Ya ƙofofi?”

Ya miƙa mata sakamakon idon da hannu biyu. Ta duba, ta bi jikinsa da abin gano ƙarfe tun daga kai har ƙafa, ko ƙyas bai yi ba. Ta karɓi sandar Inna ta jingine a waje, ta ce wannan ba ta shiga.

Inna ta dubi lungun gaba da baya. “Ina Auta?”

“Aiki ya riƙe shi, Inna. Ni zan shiga.”

“Idon fa?”

“An duba. Lafiya lau.”

Ta ƙura wa idon kallo, kamar ba ta yarda da likitocin ba. “To. Kada ka matse ni.”

Ɗakin da sanyi kamar cikin firji. Aka toshe musu kunne su biyu, aka kifa kwandon, gado ya shige da ita, sai ƙafafun a waje. Ya kama ta hagu. Ƙafa ce ƙarama, busasshiya, da kaushi a dunduniya, shi da ke sa mata takalmi kullum bai taɓa lura ta ƙanƙance haka ba. Injin ya soma. Ƙarar ba ta dame shi ba, a cikin irinta ya girma. Ƙafar ta zabura, ya damƙe, ya tuna an ce kada ya matse, ya sassauta. Ya so ya shafa yadda ya ga Auta ya yi, hannun bai san shafa ba. Sai ya riƙe ta kawai yadda yake riƙe ƙarfe biyu kafin wuta ta kama su, ba rawa ba motsi. Can ya ji ƙafar ta yi nauyi, yatsun suka saki. Da injin ya tsagaita tsakanin bugu da bugu, ko da abin da ke kunnensa ya jiyo wani sauti daga cikin ramin. Minshari. Inna ta yi barci.

Aka fito da ita, aka ɗage kwandon, ta buɗe ido da ƙyar. “An gama?”

“An gama, Inna. Barci kika yi.”

“Ni? Ban yi barci ba. Ka kusa karya min ƙafa, hannu kamar dutsen guga.” Ta miƙa hannu a ba ta sandarta. “Kira min Auta, hankalinsa na nan.”

Likita ya duba ya ce babu sabon wuri, jirin daga maganin hawan jini ne, zai rage mata. Suka fito baranda. Tartsatsi ya karɓi wayar a hannun matarsa, ya ce shi zai fara magana. Ya gyara tsayuwa, ya gyara murya.

“An yi hoton. Ba sabon abu.”

“Alhamdulillahi! Ta ji tsoro?”

Nan yake jira. “Tsoro? Barci ta yi. Har da minshari. Ni na riƙe ƙafar.” Ya ɗan dakata don maganar ta shiga. “Lokacin naka ai ba ta yi barci ba.”

“Wallahi ba ta yi ba, Yaya,” in ji Auta, yana dariya da zuciya ɗaya. “Ni kaina ranar rawa jikina yake yi, na ƙagu a fito. Ai dama kai ya kamata ka shiga, ta fi sakewa da kai. In za a sake, kai za ka riƙa shiga. Ba ni ita mu gaisa.”

Tartsatsi ya sauke wayar daga kunne. Watanni yana wasa maganar nan kamar wuƙa, an karɓe ta hannu biyu, har an ƙara masa kyauta a kai. Ya miƙa wa Inna wayar. Fuskarta ta washe tun kafin ta kai kunne.

“Auta! Ka ci abinci kuwa?”

Matarsa ta zungure shi da gwiwar hannu. “To, ka riƙe. Hankali ya kwanta?”

“Ki ji fa,” ya ce, yana kallon tsohuwar. “Ni tun safe ban karya ba, ba wanda ya tambaye ni.”